Tarihin Jana'izar da Babu Addini a Ƙasashen Turai

Jana'izar da babu addini ita ce wadda ake sallamar mamaci ba tare da limami ko addu'a ko ambaton lahira ba, sai dai a taru a ba da tarihin rayuwarsa, a yi wa iyalinsa ta'aziyya, sa'an nan a binne shi ko a ƙone gawarsa. Masu aƙidar ɗan'adamtaka, waɗanda suka tafi a kan cewa hankali da kyautatawa sun ishi mutum ba sai da wahayi ba, su ne suka fi shahara da ita a yau. Amma asalinta wata doguwar jayayya ce ta ƙarni na 19, a kan wanda ya fi cancanta ya yi hukunci a kan gawa: majami'a, ko magada, ko kuwa shi mamacin ta hanyar wasiyyarsa.

A zamanin da, galibin maƙabartun Turai a harabar majami'u suke, limaman Kirista kuma su ne ke da ikon cewa wane ya shiga wane kada ya shiga. Wanda ya mutu a kan ilhadi, ko ya kashe kansa, ko ya ƙi karɓar limami a lokacin gargarar mutuwa, akan kai shi wani lungu da ba a tsarkake ba, abin da ya zama babban abin kunya ga zuriyarsa, har da yawa daga waɗanda suka yi rayuwarsu cikin shakka sukan sallama a ƙarshe don gudun jawo wa iyali tozarci.

Saboda wannan ne ma'aikata a birnin Burasal na Beljiyam suka kafa jam'iyyu tun daga 1854, waɗanda 'ya'yansu kan yi alkawarin tsare junansu daga limami a gadon mutuwa, su kuma ɗauki makarar ɗan'uwansu da kansu. A Faransa al'amarin ya rikiɗe ya zama siyasa tsakanin masu son jamhuriya da magoya bayan majami'ar Katolika, har a 1873 hakimin birnin Liyon ya ba da umurni kada a fita da irin wannan gawa sai da sassafe, domin kada jama'a su taru. Da masu jamhuriya suka sami rinjaye, sai suka yi doka a 1881 wadda ta hana rarraba maƙabartun gari bisa addini. A 1885 marubucin nan Victor Hugo ya rasu, bayan ya bar wasiyya cewa ya yi imani da Allah, amma ba ya son addu'ar kowace majami'a, kuma a ɗauke shi a keken gawar matalauta. Aka cika masa wasiyyarsa, jama'a wajen miliyan biyu suka raka shi a Faris. Bayan shekara biyu, a Nuwamba 1887, aka kafa dokar da ta ba kowane baligi ikon zaɓen irin jana'izarsa, ta kuma wajabta wa magada bin abin da ya rubuta.

A Ingila kuwa abin ya tafi a hankali, ba da hayaniya irin ta Faransa ba. Jagororin marasa addini irin su George Holyoake da Charles Bradlaugh, wanda ya kafa jam'iyyar National Secular Society a 1866, sun lura cewa mutum ba ya iya jefa ɗan'uwansa a rami ya juya ba tare da wata kalma ba, don haka Austin Holyoake, ƙanen George, ya tsara jawabin da za a riƙa karantawa a bakin kabari maimakon na limami. Dokar 1880 ta yarda a binne mutum a harabar majami'ar Angalika ba da ladubbanta ba, da sharaɗin a yi wata ibadar Kirista ko kuwa a yi shiru, ta yadda mulhidi ya sami kushewa amma bai sami bakin magana ba. Shi Bradlaugh da ya rasu a 1891, a maƙabartar Brookwood aka binne shi ba tare da jawabi ba, bisa ga abin da ya nema, kuma cikin dubban da suka halarta har da Gandhi, wanda a lokacin yana ɗalibin shari'a a Landan.

Abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne ƙona gawa. Sir Henry Thompson, likitan Sarauniya Biktoriya, ya kafa jam'iyyar masu neman halatta wannan a 1874, da hujjar cewa maƙabartun birane sun cika suna kawo cuta. A 1884 alƙali ya wanke wani likitan Wales mai suna William Price da ya yi yunƙurin ƙona gawar jaririnsa, a 1885 aka fara ƙonawa a Woking, a 1902 kuma majalisa ta yi wa abin doka. Majami'ar Katolika ta haramta shi a 1886, ba ta sassauta ba sai 1963, kuma zuwa 1968 waɗanda ake ƙonawa a Birtaniya sun zarce waɗanda ake binnewa. Tun da yake gidajen ƙonawa ba mallakar majami'a ba ne, kowa na iya tsayawa a zaurensu ya yi magana.

Jam'iyyar da Stanton Coit ya haɗa a 1896, wadda ta zama British Humanist Association a 1967, sa'an nan Humanists UK a 2017, ita ce ta mayar da jagorancin irin wannan jana'iza sana'a mai horo. Mai jagorancin jana'iza yakan ziyarci gidan makoki, ya saurari dangi, ya rubuta tarihin mamaci, a ranar kuma a sa waƙar da yake so, a karanta abin da ya zaɓa, a ba da ɗan lokaci na shiru wanda mai addini daga cikin mahalarta zai iya yin addu'arsa a zuci. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini.

Bambancin da ke tsakanin jana'izar addini da wadda babu addini a fili yake. Jana'izar addini, kamar ta Musulunci wadda take farilla ce ta kifaya, da wanka da likkafani da salla iri ɗaya ga sarki da talaka, tana fuskantar makomar mamaci ne, ba ta kuma canzawa don son ransa. Ta 'yan ɗan'adamtaka tana waiwayen rayuwar da ta wuce, ana kuma ɗinka ta daidai da mai ita. Daga nan ne zaɓe-zaɓe suka yawaita, kamar binnewa a kurmi da aka fara a Carlisle a 1993, da ƙonawa ba tare da wani taro ba. Sai dai har yanzu dokar Ingila, saɓanin ta Faransa, ba ta tilasta wa wasiyyi bin abin da mamaci ya faɗa game da gawarsa, shi ya sa ake samun mulhidi da aka yi wa addu'a, da mai ibada da 'ya'yansa suka sallame shi ba limami.