Murjani: Sunayen sassan jikinsa da dalilin da ya sa yake yin fari

Murjani tarin ƙananan dabbobin teku ne da ke rayuwa a haɗe. Masana na kiran kowace ɗaya folif: jiki kamar jaka, da baki guda kewaye da hannaye masu harbi. Ƙoƙon da take ginawa ta zauna ciki shi ne koralait, siririn naman da ke haɗa ta da maƙwabtanta kuwa sinosak. A cikin naman akwai zuzanteli, ƙwayoyin gansakuka masu ba murjani launi da yawancin abincinsa.

Idan ruwan teku ya yi zafi, folif takan kore su, murjani ya yi fari fat, kamar yadda ya faru a gaɓar Ostareliya a 2016. Farin ba mutuwa ba ce, amma idan zafin ya daɗe, yunwa ke kashe shi.