Daga yunwar 2005 zuwa yau: wa ke ji idan ƙauye ya yi kuka?

Masu shekaru a Ƙonni, Malbaza da Illela ba su manta da 2005 ba. Damina ta 2004 ta ɗauke da wuri, farar ɗango ta bi abin da ya saura, rumbuna suka yi fayau tun kafin bazara.

Abin takaicin shi ne ba a rasa tsari ba. Nijar na da ofishin gargaɗin gaggawa, SAP, tun 1989, ga kuma OPVN mai ajiyar hatsin ƙasa. Hakimai da masu gari sun kai kuka ga prefe, prefe ya kai wa gwamna a Tawa, daga can aka aika Yamai. Labari ya hau sama da sauri, hatsi ne ya yi nawar saukowa. Da farko gwamnati ta tsaya kan saida shi da rahusa, to wanda ya riga ya saida akuyarsa ta ƙarshe, da me zai saya? Rabon kyauta na kowa da kowa sai wajen watan Agusta, lokacin da yara da yawa sun riga sun kwanta tamowa. Shugaba Tanja kuwa ya ce babu yunwa a ƙasar.

Magadan gari fa? An zaɓi kansiloli na farko a Yulin 2004, komin 265 a ƙasa baki ɗaya. Sabbi ne fil, ba kuɗi a asusu, ba ma'aikata. Su ne suka san wane gida bai ɗora tukunya ba a Tsarnawa, Dogarawa ko Badagishiri, amma makullin sito ba ya hannunsu. A ganina nan ne igiyar ta tsinke.

A 2010 an ga bambanci: sojojin Salu Jibo da suka karɓi mulki a Fabrairu sun fito fili sun ce akwai yunwa, taimako ya shigo da wuri. Sannu a hankali aka ƙarfafa kwamitocin gargaɗi na ƙauyuka da na komin, masu duba farashin hatsi, lafiyar dabbobi da yawan masu tafiya ci-rani Najeriya. A 2011 aka cire Malbaza daga Ƙonni ta samu nata prefe, hanyar kai rahoto ta gajarta. A 2016 aka kafa ma'aikatar agaji da kula da bala'o'i.

Yanzu damuwa ta ƙaru da ambaliya, musamman a kwarin Maggiya. Kuma tun Afrilun 2024 an rushe majalisun komin, an naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Kantoma naɗin Yamai ne, mai yiwuwa a fi saurin ɗaga wayarsa a sama. Ko zai san gidajen da ruwa ya ci a Galmi kamar yadda kansilan unguwa ya sani? Ku da ke can, ku faɗa mana yadda rabon bana ya gudana.