Koyar da Tattalin Arzikin Yawon Buɗe Ido a Jami'a: Darasi daga Argungu da Yankari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ya kamata manhajar tattalin arzikin yawon buɗe ido ta fifita a jami'o'in Arewacin Nijeriya. Ta hanyar kwatanta bikin kamun kifi na Argungu da gandun dajin Yankari, ta nuna cewa ƙidayar baƙi ba ta isa ma'auni ba. Ƙwarewar da ɗalibi ya fi buƙata ita ce bin sawun kuɗin da baƙo ya kashe.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2000 Hukumar Ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsarin auna gudummawar yawon buɗe ido ga tattalin arzikin ƙasa, aka sabunta shi a 2008. Tsarin ya fi aiki inda ake da rasit da rajista. A Arewa kuwa, ciniki mai yawa hannu da hannu ake yin sa, ba ya shiga kowane littafi.

2.0 Ra'in Bincike

An ɗora nazarin a kan ra'ayoyi biyu. Na farko ninkuwar kuɗi: nairar da baƙo ya biya mai masauki takan koma hannun mahauci, daga nan ta kai ga makiyayi. Na biyu zurarewar kuɗi, wato kason da ke ficewa daga yankin wajen sayo kayan da ba a samarwa a nan.

3.0 Tattaunawa

Bikin Argungu, wanda ya samo asali a 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, kwanaki kaɗan ake yin sa. Amma kuɗinsa yana warwatsuwa a hannaye da yawa: masunta masu koma da gora, makaɗa, masu kwalekwale, matan da ke toya waina, da magidantan da ke ba da hayar ɗakuna. Rauninsa shi ne rashin tabbas. Tsayawar bikin na kimanin shekara goma kafin 2020 ta katse wannan samu.

Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an buɗe shi ga jama'a a 1962, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Baƙi sun fi zuwa da rani, lokacin da namun daji ke taruwa a gaɓar kogin Gaji. A nan lissafi ya fi sauƙi, domin akwai kuɗin shiga da masauki a sansanin Wikki da ke cikin gandun. Sai dai man janareto da kayan gyaran motoci daga nesa ake sayo su, don haka kason da ke isa ƙauyukan kewaye yana buƙatar aunawa ta musamman.

4.0 Kammalawa

Wuraren biyu ba sa aunuwa da mudu ɗaya. Maƙalar ta ba da shawarar a wajabta wa ɗalibai binciken fili, su yi hira da masu ƙananan sana'o'i da Hausa, su kuma koyi lissafa zurarewar kuɗi tun kafin aikin kammala digiri.