Joseph Nanven Garba (1943–2002)

Manjo Janar Joseph Nanven Garba soja ne kuma jami'in diflomasiyyar Najeriya, wanda ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1975 zuwa 1978, ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a zama na 44, sannan ya ƙare rayuwarsa a matsayin Darakta Janar na Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru, kusa da Jos.

An haife shi ranar 17 ga Yuli, 1943, a Langtang ta ƙasar Tarok, cikin Jihar Filato ta yau. Ya shiga Makarantar Soja ta Zariya yana yaro, ya wuce Mons a Ingila, ya zama hafsa a 1962. Dogon mutum ne, gwanin ƙwallon kwando, kuma ya taka rawa wajen bunƙasa wasan a ƙasar. Daga 1968 shi ne kwamandan Rundunar Tsaron Fadar Shugaban Ƙasa, wato mai gadin Janar Yakubu Gowon, wanda suka fito jiha ɗaya da shi.

Abin da ya sa safiyar 29 ga Yuli, 1975, ta girgiza jama'a ke nan. Gowon yana Kampala wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, sai aka ji muryar Kanar Garba a gidan rediyon Legas yana sanar da cewa an kifar da gwamnati. Ba a zubar da jini ba. Duk da haka, har yau akwai masu kallon abin a matsayin cin amana, akwai kuma masu cewa da ba don mai gadin ya yarda ba, da an yi ɓarin wuta a barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa.

Sabon shugaban ƙasa, Murtala Muhammad, ya naɗa shi Kwamishinan Harkokin Waje yana da shekara 32, ba tare da ya taɓa zama a ofishin jakadanci ba. Jarrabawar farko ta zo daga Angola. Portugal na shirin ficewa, ƙungiyoyi uku na faɗa kan mulki, Najeriya kuwa da farko gwamnatin haɗin gwiwa take nema musu. Da ya tabbata sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun kutsa cikin Angola, sai Legas ta sauya matsayi, ta amince da gwamnatin MPLA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin uku, a Nuwamba 1975, ta ba ta dala miliyan 20, duk da matsin lambar Amurka. Daga nan kudancin Afirka ya zama aikin rayuwarsa. A zamaninsa Legas ta karɓi taron duniya na yaƙi da wariyar launin fata a Agusta 1977. Ya bayyana waɗannan shekaru a littafinsa Diplomatic Soldiering, wanda ya fito a 1987.

Ya koma bariki a 1978 a matsayin kwamandan Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna, ya yi ritaya a 1980, ya tafi karatu Jami'ar Harvard. A 1984 gwamnatin Buhari ta tura shi New York wakilin dindindin, inda ya shugabanci kwamitin musamman na yaƙi da wariyar launin fata. Zamansa a kujerar Babban Zaure, 1989 zuwa 1990, ya dace da lokacin da guduma ta yi ta bugawa kan manyan al'amura: Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ranar 20 ga Nuwamba, 1989, sanarwar Disamba 1989 da ta shata sharuɗɗan tattaunawa a Afirka ta Kudu, da shigar Namibiya majalisar a Afrilu 1990. Tsakanin waɗannan ne aka saki Nelson Mandela daga kurkuku.

Kuru ta zo a ƙarshe. An kafa cibiyar a 1979 don ta tara manyan hafsoshi, manyan ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa da shugabannin ƙwadago, su shafe watanni suna nazarin wata matsala ta ƙasa, su miƙa rahoto ga shugaban ƙasa, su fita da haruffan mni a bayan sunansu. Garba ya karɓi ragamarta a ƙarshen shekarun 1990. Zaɓin ya dace, domin samun wanda ya san bariki, ya san ma'aikata, ya kuma san teburin sulhu kamarsa sai an tona. Sai dai wa'adin bai yi tsawo ba, kuma wanda zai auna shi da adalci, a Luanda da Windhoek da New York zai fi samun sawunsa.

Ya rasu ranar 1 ga Yuni, 2002, yana kan wannan muƙami, saura makonni kaɗan ya cika shekara 59.