Memori da Kishiyarsa Microdrive: Wa Zai Riƙe Mana Hotuna?

1/ Jama'a, memorin da ke cikin wayarku ya taɓa yin kishiya, sunanta Microdrive. Ku gyara zama in ba ku labari, don ƙarshensa ya shafi mu 'yan Kano.

2/ A 1999 kamfanin IBM na Amurka ya fito da ita. Faifan ajiya ne irin na cikin kwamfuta, amma faɗinsa inci ɗaya. Yana juyawa, ga ɗan hannu mai karantawa. Ta fara da 170MB da 340MB, a 2000 ta kai 1GB.

3/ Shi kuwa memori, Fujio Masuoka na Toshiba a Japan ne ya ƙirƙiro fasaharsa a shekarun 1980. Babu abin da ke motsi a cikinsa. SanDisk ya fitar da katin CompactFlash a 1994, kuma ramin irin wannan kati ake zura Microdrive a kyamara.

4/ Me ya sa masu hoto suka so ta? Kuɗi. Lokacin memori mai girma tsada gare shi. Har a 2004 wasu kan sayi na'urar sauraron waƙa ta Creative MuVo2, su farke ta su zare faifan 4GB, don ya fi araha.

5/ Matsalarta: ta faɗi ƙasa, shi ke nan. Tana shan batir, tana ɗaukar zafi, ba ta son jijjiga. Ku ƙiyasta mai hoto a masana'antar fata ta Challawa, injina na girgiza ƙasa, ga ba wutar caji.

6/ Da farashin memori ya karye, sai ta rasa kasuwa. Apple ya sa ƙaramin faifai a iPod mini a 2004, a 2005 ya koma memori da iPod nano.

7/ To amma fa memori ba rumbu ba ne. Cajin lantarki yake riƙewa a ƙananan ɗakuna, in an ajiye shi shekaru ba a jona ba, cajin na zirarewa. Zafi na ƙara masa sauri, kun kuwa san zafin Afrilu. Ga jabu a kasuwa: an rubuta 64GB, cikinsa bai kai ba.

8/ Iyayen da suka yi aiki a masaƙun Bompai da Sharada a shekarun 1970 da 1980, hotunansu na takarda ne. Masaƙu da yawa sun rufe, amma hoto na nan a bango, jika na nunawa.

9/ Namu fa? Suna cikin kati mai girman farce.

10/ Shawarata: hoton da ba ka son rasawa, ajiye shi wuri biyu, ɗaya a intanet. Na biki, na suna, na Baba a bakin injinsa, kai a wanke maka a takarda. In akwai tsohon hoton masana'anta a gidanku, ɗauko ku saka a ƙasa mu gani.