Rabon Hanyoyi a Allon Kwamfuta: Nazari Daga Shagunan Funtua da Malumfashi

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, cibiyoyin jarrabawa da shagunan buga takardu suka ƙaru a Funtua da Malumfashi. Yawancin na'urorin da ke cikinsu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a Legas, wasu suka biyo ta Titin Beirut a Kano. In an zo ciniki, tambaya biyu ake yi: Core i nawa ce, ram ɗinta nawa? Ba a cika waiwayar babban allon da komai ke zaune a kansa ba, wanda masu gyara ke kira bod, alhali shi ke raba hanyoyin da bayanai ke bi.

Waɗannan hanyoyi su ake kira layukan PCI Express, tsarin da ya fito a 2003. A zubin farko layi ɗaya na ɗaukar megabait 250 a daƙiƙa, na biyu na 2007 ya ninka zuwa 500, na uku na 2010 ya kusan kai 1,000. Layukan kuwa ƙidayayyu ne. Furosesan Intel zubi na shida, wanda ya fito a 2015 kuma ya cika shagunanmu, layi 16 kawai yake bayarwa, galibi ga dogon gurbin katin hoto. Sauran kaya duka, wato had dis, kafofin USB da wayar sadarwa, suna rataye ne a wuyan wani ƙaramin guntu mai suna cifset. Shi kuma hanya ɗaya tak ta haɗa shi da furosesa, sunanta DMI, faɗinta daidai da layi huɗu.

Duk ɗan Funtua zai gane wannan. Lokacin kaka motocin masara da auduga na fitowa daga Dandume, daga Bakori, daga Malumfashi, amma duk mai nufin Zariya a titi ɗaya zai hau. Yawan hanyoyin ƙauye ba ya ƙara wa wannan titi faɗi. Haka uwar kwamfutar cibiyar jarrabawa take: faifan ajiya da wayar da ke ciyar da kwamfutocin ɗalibai duk ta DMI suke wucewa.

A nan ne bambancin da ba a gani a waje yake. Dell OptiPlex 3040 da 7040 suna iya ɗaukar Core i5 iri ɗaya, akwatinsu ma kusan ɗaya. Ta farko tana da cifset H110: layi 6 na zubi na biyu, kafofin SATA huɗu na jona had dis, da DMI mai ɗaukar kimanin gigabait 2 a daƙiƙa. Ta biyu Q170 gare ta: layi har 20 na zubi na uku, SATA shida, DMI mai kusan gigabait 4. A ganina, sayar da su a kan kuɗi ɗaya don sunan furosesa ya zo ɗaya rashin adalci ne ga mai saye, ko da mai sayarwar bai sani ba.

Abin da ya fi rikita masu gyara shi ne layukan da ake karba-karba da su. A cifset Q170 da Z170 akwai mashigai 26 masu sauri, wasunsu kuma suna iya zama SATA ko PCI Express, amma ba duka biyun a lokaci guda ba. Kamfanin da ya ƙera allon shi ke yanke wanda zai samu. Na taɓa zama a wani shago a Funtua, wani malamin makaranta ya kawo kwamfutarsa a ƙara mata faifan ajiya na SSD siriri irin na gurbin M.2. Yaron shagon ya ɗaure shi da ɗan ƙaramin noti, ya kunna, sai tsohon had dis ɗin da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai ya ɓace ɓat. Malamin ya dafe kai yana salati. Maigidan shagon ya matso, ya zare jar wayar SATA daga kafar da take, ya soka ta a ta kusa da ita, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, sabon ne ya karɓe masa layi." Fayilolin suka dawo cif.

Gurbin M.2 kansa yana da ruɗi, domin faifai iri biyu ke shigarsa. Mai magana da harshen SATA ba ya wuce megabait 550 ko kusa da haka, shi kuwa NVMe, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2011, yana haura 3,000 idan ya samu layi huɗu na zubi na uku. Haka nan dogon gurbi na biyu a allo kan yi kama da mai layi 16, alhali huɗu kaɗai aka haɗa masa. Kamfanin AMD ya bi wata dabara a Ryzen na 2017: ya ware wa NVMe layi huɗu kai tsaye daga furosesa, ba sai ya bi ta cifset ba.

Kirana ga masu cibiyoyi da shugabannin makarantu na wannan yanki shi ne, kafin ku biya kuɗin kwamfuta, ku sa a buɗe murfinta a karanto muku lambar allon, sannan a sauko da littafin bayaninsa daga intanet a duba shafin da ya nuna kafar da ke mutuwa idan an cika gurbin M.2. Masu koyar da gyara kuma su sa wannan shafi cikin darasin farko na yaransu.