Filin tseren motoci na turɓaya: girmansa da armashin tsere

A Amurka, yawancin tsofaffin filayen tseren motoci na turɓaya asalinsu filayen sukuwa ne, irin na Yamai, cikin harabar baje kolin amfanin gona. Na Knoxville, a jihar Iowa, zagayensa mita 800 ne, kuma tun 1961 ake babbar gasa a cikinsa. Na Syracuse, mai mita 1600, an rufe shi bayan tseren 2015.

In za a sake buɗe irin wannan fili, girmansa ne abin dubawa. A babban fili, mai ƙarfin inji, wato mai kuɗi, yakan bar saura tun farko, ƴan kallo su yi ta hamma. A mai mita 400 kuwa, kwana na bin kwana, motoci a cunkushe, sai gwanintar direba. Yayyafa masa ruwa ma ya fi araha.